Tambaya da Amsa: Man shafawata na tsirrai ne zalla, sai na bi wata doka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa man shafawa da sabulu, ina so in fara turawa ƙasashen waje. Tunda duk kayan haɗina daga tsirrai suke, shin akwai wata doka da ta hau kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙwarai kuwa akwai. Hukuma ba ruwanta da cewa daga tsiro abu ya fito, hujja take nema cewa ba zai cutar da mai shafawa ba. Man da aka zuba wa ruwa, in babu sinadarin hana lalacewa a ciki, kina buɗe murfi wata rana za ki ga fumfuna ta yi layi a bakin robar. Kafin ido ya ga wannan ma, ƙwayoyin cuta sun daɗe da yaɗuwa a ciki.

Tarayyar Turai tana cikin waɗanda suka fi tsaurarawa, ƙarƙashin doka mai lamba 1223/2009. Sai kin sami mutum ko kamfani mazaunin can da zai ɗauki alhakin kayan. Ƙwararre a fannin haɗa magunguna, ilimin guba ko likitanci zai duba haɗin ya rubuta rahoton lafiyarsa, a shigar da bayanin a rumbun CPNP, wato shafin intanet na Tarayyar Turai da ake rajistar kayan kwalliya, kafin a fara sayarwa, a kuma ajiye fayil ɗin bayanan kayan shekara 10 bayan fitar kashin ƙarshe, wato rukunin kayan da aka haɗa a karo na ƙarshe. A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ba ta ba da izini tun farko, in ban da na sinadaran launi, amma dokar MoCRA ta 2022 ta wajabta kai mata rahoton duk wata mummunar illa cikin kwanakin aiki 15.

Inda na fi jiye miki shi ne takardar jikin roba. Za ki jera kayan haɗi da sunayensu na tsarin INCI, wato sunayen bai-ɗaya da ake amfani da su a ƙasashen duniya, daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, ki sa lambar kashi, don in matsala ta taso a san wanda za a janye daga kasuwa. Sannan ki iya bakinki. "Yana laushin fata" magana ce ta kwalliya. Da zarar kin rubuta "yana warkar da kyasbi", kin mayar da man magani a idon hukuma, dokar magani kuwa ta fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Abin da kike faɗa a talla ma ana lissafawa.

Don Allah kada ki sayi wani garin hasken fata da mai sayarwa ya ƙi bayyana abin da ke cikinsa. Ta nan zaiba da haidirokwinon, wani sinadarin hasken fata, ke shiga man mutane. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, shi ya sa yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa mata takunkumi a kayan kwalliya. Ki nemi takardar gwaji ta kowane kayan haɗi tun kafin ki biya kuɗi.