Gwajin jini ya fito lafiya, amma yaro na riƙe da ciki

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 14 ya tashi jiya da asuba da ciwo a cibiya, daga baya ya sauka ƙasan ciki ta dama, ga amai, ya ƙi abinci. Jiyan da hantsi muka yi gwaji a nan Agege, aka ce fararen ƙwayoyin jini da CRP (sinadarin jini mai nuna kumburi a jiki) daidai suke, taifot kawai aka gani. Mai kemis ya haɗa mana magani. In kwantar da hankalina cewa ba afendis ba ne?

Amsa: A'a Hajiya, tukuna. An ɗebi jinin nan da wuri. CRP daga hanta yake fitowa, yakan yi awa 6 zuwa 12 kafin ya fara hawa, bai cika kai matuƙa ba sai an kwana ɗaya ko biyu. Fararen ƙwayoyi sukan riga shi, su haura 10,000, amma ba ga kowa ba. Shi ya sa muke maimaita gwajin. In an sake duka biyun suna daidai, zargi ya ragu. In sun hau, kumburi kawai suka nuna, ba su faɗi inda yake ba, maleriya ma tana ɗaga CRP. Hannun likita a kan ciki da hoton sikanin su ke yanke hukunci.

Taifot ɗin nan ne ke ci mini rai. Gwajin Widal ake nufi, wanda kan nuna alama ko a jinin mai lafiya, saboda tsohon ciwo ko wani zazzaɓin daban. Da an gani sai a daina taɓa cikin yaro, a ɗora shi a kan kafso da maganin kashe zafi, alamu su dushe, cuta na ci a ƙasa. Kusan kowane mako sai an kawo mini irinsa. Uwa ta ce ciwon ya lafa da dare har sun yi hamdala, alhali afendis ɗin ne ya fashe. Washegari ciki ya ƙame kamar katako, mugunya ta bazu, ƙaramar tiyata ta koma babba. Mai kemis bai danna cikin ba, da wane ido ya ga hanjin? Ran ɗan mutane amana ne, mu ji tsoron Allah.

Haɗarin fashewa yana ƙaruwa bayan awa 36, ɗanki kuwa ya kusa kai wa nan. Kada ki ba shi abinci ko maganin wankin ciki. Ki ɗauki takardar gwajin da kwalayen magungunan, ku tafi sashen gaggawa na LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, a Ikeja yanzu, kada ku jira cunkoso ya ragu.