Katin gayyata sai an amsa, ɗana

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka, ka ce shugabanku na wurin aiki a nan Garwa ya ba ka katin liyafar auren 'yarsa, a ƙasa an sa R.S.V.P., wato a amsa ko za a zo, da lambar waya da ranar rufewa, wai dole ne sai ka kira ko ka bari kawai ranar ka je.

Toh ka kira, yau ma in da hali.

Na san abin da ya rikita ka. Mu a gida goro ake rabawa ko alawa, a ce ɗaurin aure Asabar bayan azahar a ƙofar gidan wane, ba mai amsawa, duk wanda ya ji ya zo, tabarma in ta cika a aro ta maƙwabta, kwanon tuwo kuma hannu nawa ma zai ɗauka. Amma liyafar otal da kati ba haka take ba, kujeru a ƙirge suke, mai abinci da yawan mutane yake lissafi, kowane faranti sefa aka biya, wani wurin har sunanka an rubuta a kan tebur kuma ga mai duba kati a bakin ƙofa. In ka yi shiru ka bar mutum cikin biyu, ya biya maka ka ƙi zuwa kuɗinsa ya tafi, ko ya cire ka sai ga ka da babbar riga babu wurin zama, kunya ta kama ku duka.

Lambar nan yawanci ta wani ɗan'uwansu ce mai riƙe da jerin sunaye. Ka yi sallama, ka faɗi cikakken sunanka da inda kake aiki, ka ce Allah sa alheri, zan zo. Kar ka tura masa hoton babban yatsa a WhatsApp dan Allah. Tunda shugaban naku da hannunsa ya miƙa maka katin, ka shiga ofis ka yi masa godiya baki da baki.

Maganar in sha Allahu kuma, wannan tana damuna sosai. Yaran yanzu sun maida ta hanyar zillewa, mutum ya san ba zai zo ba ya ce in sha Allahu. Ka faɗe ta da niyyar zuwa. In akwai uzuri ka faɗa da wuri a taƙaice, ka sa gudummawarka a ambulan ko ka tura ta Orange Money, bayan biki ka leƙa gida.

Kuma kar ka ɗauki abokinka ku tafi tare. In kati bai ce kai da iyalinka ba toh kai kaɗai ne. A Bukhari akwai labarin Abu Shu'aib da ya yi abincin mutum 5 ya kira Annabi (SAW), wani ya biyo su, da suka iso sai Annabi ya gaya wa mai gida wannan ya biyo mu, in ka so ka yi masa izini in ka so ka bar shi. Har Annabi sai da ya nemi izini, balle kai.

Ka riƙe wannan har ranar da katin Gwamna na bikin 20 ga Mayu, ranar ƙasar Kamaru, zai zo maka, shi kam sunanka ne a kai, ba a ba wani aro. Ka gaida mutan gidan.