Gwaggo, kullum safiyata a birkice take

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce, shekaruna 29, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim. 'Ya'yana huɗu, ƙaramin har yanzu ina goyonsa. Sana'ata koko da ƙosai, a cikin gida nake yi, yara su shigo su saya, babbar 'yata kuma ta kai wa masu zama a bakin masallaci.

Damuwata ita ce safiya. Ina tashi sallar asuba, amma da na sallame sai in ce bari in ɗan kishingiɗa kafin gari ya yi haske. Ba na farkawa sai rana ta fito. Daga nan gida ya rikice ke nan: randa ba ruwa, itace ya sha raɓa ya ƙi kamawa, na aika markaɗe an tarar da layi wajen mai inji, yara suna neman takalmi da littafi, ni kuma ina ta zabga musu faɗa. Kafin in ɗora mai a wuta masu saye sun wuce gidan maƙwabciyata. Baban yara sau da yawa haka yake tafiya gona bai karya ba. Ba ya cewa komai, amma ina gani a fuskarsa. Surukata kuwa ba ta ɓoye nata, ta ce su a zamaninsu kafin kiran assalatu sun gama surfe. Babbar 'yar tawa kullum sai ta makara zuwa makaranta, har malaminsu ya aiko gida.

Ba zan ɓoye miki ba, da daddare ina daɗewa ban kwanta ba. Da safe ake kai min waya caji, sai bayan magariba ake karɓowa. In yara sun yi barci sai in kunna karatun littafi ko in shiga WhatsApp, don lokacin ne kaɗai nake samun kaina. Wani lokaci sai sha biyu ta gota, ga yaron yana tashi shan nono. Haka zan wuni jiki a mace, rai a ɓace. Gwaggo, lalaci ne ya kama ni? Ta ina zan fara gyara?

Wata baiwar Allah, daga Jihar Jigawa

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya raya miki zuri'a, ya sa albarka a sana'a.

Macen da take goyo, take riƙe da gida, take kuma tsayawa gaban kaskon suya kullum, ba a kiranta malalaciya. Mu yi lissafi tare. Kina kwanciya bayan ƙarfe 12, kina tashi wajen ƙarfe 5, a tsakani yaro ya tashe ki. Ko awa 5 ba kya cikawa, alhali masana lafiya sun ce babban mutum yana buƙatar awa 7 ko fiye a kowane dare. Wannan barcin da yake sace ki a kan sallaya ramuwa ce jikinki yake yi, kuma ko kin ɗaura niyya sau ɗari sai ya rama. Saboda haka gyaran safiyarki ba da safe za a fara shi ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ba zan ce ki rabu da waya ba. Na ji abin da kika ce, cewa lokacin ne kaɗai kike samun kanki, kuma haƙƙinki ne ki samu. Lokacin za ki canza. Ki sa a riƙa karɓo miki ita da azahar, ki saurari littafinki da rana kina tsintar wake ko kina yi wa yara kitso, hannu yana aiki kunne yana jin daɗi. Bayan sallar isha'i ki kashe ta, ki jefa a cikin kwalla ki rufe, nesa da gado, inda sai kin miƙe tsaye za ki ɗauko. Masu rubuta littattafan nan gwanaye ne, a daidai inda rigima ta yi zafi suke yanke babi, kuma babu mai ƙarfin zuciyar da za ta ce "saura ɗaya kawai" ta cika alkawari. Ki yi ƙoƙari ƙarfe 10 ta same ki a kwance.

Idan kin kwanta, ki tuna Nana Faɗimatu, Allah ya ƙara mata yarda. Niƙa ya yi mata kanta a hannu, ta je neman mai taimaka mata da aiki, sai Manzon Allah (SAW) ya koya musu ita da Sayyidina Ali cewa in za su kwanta su yi Subhanallah 33, Alhamdulillah 33, Allahu Akbar 34, ya ce wannan ya fi musu hadimi alheri. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Gajiyar aikin gida ce ta kai ta, irin taki.

Yanzu sai ayyukan da suke cinye miki safiya. Ki duba su da kyau, za ki ga kusan dukkansu na jiya ne suka kwana. Tsakanin la'asar da magariba a cika randa. A shigar da itacen gobe ƙarƙashin rumfa ko cikin madafi, da ƙirare da ɗan kara a gefe, ashana a inda hannu zai kai ko a duhu. Ki surfa wakenki ki sheƙe tun da yamma, don surfaffen wake ba ya daɗewa a ruwa, kina jiƙawa da asuba kafin ki gama azkar ya yi laushi. Gasara ki tace ta ta kwana. Takalma da jakunkuna kuwa ba aikinki ba ne. Ki kafa ƙusa a bango, kowane yaro da tasa, wanda bai rataye jakarsa ba kafin tuwon dare shi ya sani. Ki kuma tambayi mai inji ƙarfe nawa yake tayarwa, robarki ta zama ta farko a layi.

Da asuba abu ɗaya nake so ki riƙe. Kada ki yi salla a gefen gado. Ki shimfiɗa sallayarki a bakin ƙofa ko a tsakar gida in ba sanyi, kina gama addu'a ki wuce murhu kai tsaye ki hura wuta, ki ɗora ruwan koko. Wadda ta ɗora tukunya ba ta komawa ɗaki. Ki sha ruwa kofi guda, mai shayarwa da ƙishirwa take tashi. A ƙasarmu daga ketowar alfijir zuwa fitowar rana akwai sama da awa ɗaya, ba aike, ba sallama, ba kukan kowa, kuma aikin da za ki yi a cikinta ya fi na hantsi auki. Hasken safiyar da zai same ki a waje shi ma yana da nasa amfanin, domin da shi jiki yake saita lokacinsa, har ya sa barci ya zo da wuri da daddare. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Sahabin da ya ji hadisin, Sakhrul Gamidi, ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, har ya yi arziki.

Kokon farko da ƙosan farko na mutan gida ne, har da ke. Na san halinku masu sana'a, a sayar da komai tas, uwar gida ta kai azahar da ƙanzo a ciki. Ki zauna ki karya, ko na minti biyar ne. In rana ta yi, yaro ya yi barci, ke ma ki yi ƙailula kamar ta rabin awa. Ita ce madadin kishingiɗar nan da na hana ki.

Batun yarinya ba zan sassauta miki ba. Ribar faranti ɗaya ba ta kai darasin farko da take rasawa kullum ba. Ki sa mata doka, ƙarfe 7 na yi ta ajiye faranti ta sa kayan makaranta, ko an sayar ko ba a sayar ba. In ƙosanki yana fita da wuri, masu so da ƙafarsu za su aiko.

Maigida kuma, shirun nan nasa kada ki bar shi ya yi tsawo. Ki same shi a lokacin da yake cikin nishaɗi, ki ce kina so ki gyara, ki roƙe shi abu takamaimai: ya tsaya a kan ɗebo ruwan yamma, in kuma yana cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi ya riƙa auno miki waken mako gaba ɗaya. Namiji ya fi gane "yi min kaza" a kan "ba ka taimaka min". Surukarki gaskiya ta faɗa, sai dai su ana idar da isha'i suke kashe fitila. Kada ki mayar mata da magana. Ki kai mata kokonta da zafinsa, ki miƙa mata jikanta ta riƙe miki har ki sauke kasko. Da wuya kaka ta ƙi wannan.

Kada ki ɗauki duka a rana ɗaya, za ki gaji ki watsar. Ki fara da waya da randa, in sun zauna ki ƙara saura. Daren da yaro ya hana ki barci kuwa, ki yi abin da ya samu, gobe ma rana ce.

Saura abu ɗaya mai muhimmanci. In kin gyara barci na 'yan makonni amma jikin yana nan a mace, ko kina jin jiri, ko bugun zuciya, ko haki daga ɗan aiki kaɗan, ko kin ga cikin idonki da tafin hannunki sun yi fari, ki je asibiti mafi kusa a auna jininki. Ƙarancin jini yana yawan kama masu ciki da masu shayarwa, kuma yana da magani. Haka nan in ɓacin ran ya ƙi tafiya, kina kuka ba dalili, ko abin da kike so a da ya fita daga ranki, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya ba tare da jin kunya ba. Yana samun mata bayan haihuwa, kuma ana warkewa. Ki roƙi baban yara ya raka ki.

Taki,
Gwaggo