Baffa, Ga Yadda Muke Zaune a Dhaka

Baffa, barka da war haka, ina fata kowa lafiya. Saƙonka ya iso, na saurare shi har sau biyu. Ka tambayi abin da ya riƙe ni a Bangladesh, ƙasar da ba a jin labarinta sai an yi ambaliya, ka kuma ce lokacin da garin ya rikice a 2024 ba ka ji ɗayanmu ya ce uffan ba, ko tsoro ne. Tunda ƙanena yana son biyo ni, ya kamata ka san inda za ka turo ɗanka.

Ba mu da yawa a nan, babu zango, babu sarkin Hausawa. Akwai ɗalibai, galibinsu a jami'ar fasaha ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ke Gazipur, arewa da Dhaka, wadda ni ma ta ƙofarta na shigo. A can za ka tarar da ɗan Kano da ɗan Maraɗi da ɗan Garwa suna cin abinci a kwano ɗaya. Akwai 'yan kasuwar tufafi, mun fi zama a Uttara saboda kusa da filin jirgi. Sai 'yan da'awa da ke zuwa babban taron Tongi a bakin kogin Turag, su yi kwanakinsu su koma.

Abin da muke fara faɗa wa sabon zuwa shi ne kada ya kira mutumin nan Ba'indiye ko ɗan Pakistan, kada kuma ya yi masa Indiyancin da ya tsinta a fim. Ya koyi Bangla, harshen ƙasar, ko da gaisuwa ce da ƙirga kuɗi. Dalilin yana da tsawo. Da Turawan Ingila suka raba Indiya a 1947, wannan yanki ya zama Gabashin Pakistan, tsakaninsa da ɗaya ɓangaren fiye da kilomita 1,500, Indiya na tsakiya. Masu magana da Bangla su ne mafi yawa a Pakistan ta wancan lokaci, amma a 1948 jagoranta Muhammad Ali Jinnah ya zo Dhaka ya ce Urdu kaɗai ne zai zama harshen hukuma. Ranar 21 ga Fabrairun 1952 ɗalibai suka fito, 'yan sanda suka buɗe musu wuta kusa da kwalejin likitanci. A wurin aka gina hasumiyar Shaheed Minar, kuma saboda wannan rana UNESCO ta ware 21 ga Fabrairu a matsayin ranar harshen uwa ta duniya a 1999.

Na taɓa zuwa wurin da asuba a irin wannan rana. Dattawa da yara ƙanana duk sun tuɓe takalma, suna tafe a layi da furanni a hannu, ba mai ɗaga murya. Na daɗe a tsaye ina tunanin gidajenmu da ake hana yaro yin Hausa don a ce ya waye. Tun daga ranar na kafa doka a gidana: a waje yara su yi Bangla, a makaranta su yi Turanci, da sun shigo ƙofa sai Hausa. Yawancin masu iyali a cikinmu haka suke yi.

Batun abin da ya riƙe ni kuwa, yadi ne, kuma garin nan da yadi ya tashi. Wajen 1610 Islam Khan, gwamnan daular Mughal da ta mulki Indiya, ya mayar da Dhaka hedikwatar yankin nan na Bengal. Masaƙanta suna saƙa wani farin yadi shara-shara da ake kai wa fadar sarakuna har zuwa Turai. Daga baya aka ɗauke hedikwata zuwa Murshidabad, Turawa suka ci ƙasar bayan yaƙin 1757 suka mayar da Kalkata hedikwatarsu, yadin injin Ingila ya cika kasuwa, masaƙa suka watse, gari ya koma kufai-kufai. Kai da ka ga abin da ya sami masaƙanmu da marinanmu ba sai na yi maka bayani ba. Bambancin shi ne su sun dawo ta wata hanya. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da Bangladesh ke sayarwa waje tufafin da aka ɗinka ne, ma'aikata kusan miliyan huɗu.

Da za ka tsaya bakin titin Gazipur da ƙarfe bakwai da rabi na safe, za ka ga mata kamar an buɗe dam, kowacce da 'yar kular shinkafa a hannu, suna sauri kada a rufe ƙofar masana'anta. Mafi ƙarancin albashinsu tun ƙarshen 2023 taka 12,500 ne a wata, kuɗin da hayar ɗaki ke cinye kaso mai tsoka a ciki. A 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Savar, mutum fiye da 1,100 suka mutu, bayan an ga tsagewa a bango tun ana gobe. Ina faɗa maka wannan ne don rigar da muke turowa Kantin Kwari da araha, akwai wadda ta biya sauran kuɗin da ƙarfinta, kuma ba na son ƙanena ya manta.

Sana'armu ita ce ragowar oda: kamfanin Turai ya sa a ɗinka masa dubu ɗari, an yi rara ko ya fasa karɓa, mu saya, a ɗaure dila, a kai tashar jirgin ruwa ta Chittagong. A shekarata ta farko wani dillali ya nuna mini samfur mai kyau, na biya, da aka kwance kayan a gida rabi duk masu aibi ne. Shi ya sa a cikinmu sabon zuwa ba ya shiga sito shi kaɗai, ba a biyan kuɗi sai an kwance dila an ƙirga da hannu, kuma wanda aka cuta yakan sanar da kowa a daren.

To, shirun da ka tambaya. Siyasar nan ta jini ce da gado. Sheikh Mujibur Rahman ya jagoranci neman 'yanci, aka yi yaƙin wata tara a 1971, sojojin Pakistan suka miƙa wuya a Dhaka ranar 16 ga Disamba. A 1975 wasu sojojin Bangladesh suka kashe Mujib ɗin da yawancin iyalinsa a gidansa na Dhanmondi. Janar Ziaur Rahman da ya hau daga baya, shi ma an kashe shi a 1981. Bayan faɗuwar Janar Ershad a 1990, mulki ya riƙa yawo tsakanin 'yar Mujib, Sheikh Hasina ta jam'iyyar Awami League, da matar Zia, Khaleda ta BNP. Kowace tasha da kowace kasuwa akwai 'yan jam'iyya. Mai gidan hayarka yana wannan ɓangare, mai ba ka kaya yana wancan, kalma ɗaya a teburin mai shayi za ta iya rufe maka ƙofa. Baƙo raɓa ne, Baffa.

A Yulin 2024 ɗalibai suka tashi kan kashi 30 cikin 100 na guraben aikin gwamnati da aka ware wa zuriyar mayaƙan 'yanci. Aka katse intanet na kwanaki, aka sa dokar hana fita, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce waɗanda suka mutu za su kai 1,400. Ranar 5 ga Agusta Hasina ta tsere Indiya, bayan kwana uku Muhammad Yunus ya karɓi riƙon ƙwarya. Mu a waɗancan kwanakin ƙirga kanmu muka riƙa yi. Masu gida suka kwaso gwauraye da ɗaliban da hanya ta rutsa da su, mutum tara muka kwana a falona, maƙwabcina Babangale yana miƙo mana shinkafa da ƙwai ta bayan gida. Zuciyarmu ta yi ciwo da gawarwakin yaran nan, amma bakinmu muka kama, muka yi ta addu'a.

Ta fuskar addini ka kwantar da hankalinka. Galibin mutanen nan Hanafawa ne, suna jinkirta La'asar, kuma idan yaro ya saki hannu a salla za a tambaye shi bayan sallama. Ya amsa da ladabi cewa mazhabar Imamu Malik ce. Hutun mako Juma'a ne da Asabar. Kuɓewa da zogale suna nan, har lalo, su soya shi suke yi, mu kuma mu kaɗa miya mu tuƙa tuwon shinkafa ranar Juma'a a gidan wanda layi ya zo kansa.

Idan ka amince ya taho, ya zo cikin Disamba ko Janairu kafin zafi da damina, ya shigo da takardunsa cikakku, zai sauka a wurina. A sa masa daddawa da kuka da yaji a jaka, su ne ba a samu a nan. A gaida Inna da mutanen gida.