Inna tana ja wa ƴar fim Allah ya isa, ƙanena yana zagin ta a Facebook

TAMBAYA: Tanti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'ar Tahoua. Duk mako idan sabon kashi na wani fim mai dogon zango ya fito a YouTube, nakan sauke shi a waya mu kalla da Inna bayan isha'i. Akwai wadda take fitowa a matsayin muguwar kishiya. Inna ta tsane ta har cikin ranta, sunanta na gaskiya take kira tana ja mata Allah ya isa. In na yi dariya na ce wasa ne, sai ta ce in rufe mata baki, wai ba mai iya wannan mugunta sai wadda ta saba. Ƙanena kuma ya shiga shafin matar ya zazzage ta. Yaya zan yi da su?
Daga wata mai karatu, unguwar Bilbis, Tahoua

AMSA: Ƴata, fara da daina yi wa Inna dariya. Ta san fim ne. Abin da yake tafasa mata zuciya ba a cikin wayarki yake ba. Matar da ta yi zaman gidan yawa, ta ga an zuba wa wata gishiri a miya ranar girkinta, ko an kai tsegumi wurin maigida da dare, idan ta ga irin haka a fim tsohon miki ake fama mata. Wata rana in kashin ya ƙare, ki tambaye ta a hankali ko ta taɓa ganin mai irin wannan hali. Za ki ji labarin da ba ki taɓa ji ba.

Wannan ruɗani ya girme ki, kuma a nan Yamai muka fara cutar da wata da shi. Zalika Souley tana cikin matan farko da suka yi fim a ƙasar nan. Ta fito a 1966 a fim ɗin Moustapha Alassane, wanda daga baya ya zauna a garinku Tahoua, sannan ta fito a matsayin kishiya mai zafin kishi a fim ɗin Oumarou Ganda da ya ciyo wa Nijar babbar kyautar Fespaco, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Waje ana tafa mata, gida ana nuna ta da baki. Mutane suka ɗauka yadda ta fito a majigi haka take, suka riƙa jifar ta da munanan sunaye. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta a 2004, wanda ya gani ya san irin kuɗar da ta sha da irin rashin da ta zauna a ciki. Zalika ta rasu a 2021. Sunan Oumarou Ganda yana kan babbar cibiyar al'adu ta birnin nan, kuma ya cancanta. Zalika kuwa, duk lokacin da na tuna da ita sai raina ya ɓaci.

Game da cewa sai wadda ta saba take iyawa, ki nuna wa Inna da ido, kada ki tsaya musu. Nemo wani fim inda matar nan ta fito a matsayin uwa mai haƙuri, ƴan wasan Kano ba sa rasa irin wannan. Nemo kuma bidiyon bayan fage, inda darakta yake tsayar da su a maimaita mari ɗaya sau da yawa, su biyun suna ƙyalƙyala dariya, daga nan su zauna su ci abinci kwano ɗaya. Maganar da take faɗa wani ne ya rubuta mata, hararar ma cewa aka yi ta yi. Sai ki roƙi Inna abu ɗaya: in za ta ja Allah ya isa, ta kira sunan da matar take amsawa a cikin fim. Bakin uwa yana da kaifi, kuma baiwar Allah nan ba ta ci mata komai ba.

Ƙanenki ne ya fi damuna. Fushin Inna a tsakar gida yake tsayawa. Nasa ya tafi har cikin wayar matar, ita za ta karanta, ƴaƴanta ma za su iya gani. Wannan cin mutunci ne, kuma haƙƙi ne a wuyansa. Ki same shi shi kaɗai, ba a fada gaban abokansa ba, ki sa ya goge abin da ya rubuta, in da hali ya ba ta haƙuri. Idan labarin ne bai yi masa ba, misali yana ganin an cika nuna kishiya kamar ba ta da wani aiki sai makirci, to yana da gaskiya, ni ma abin ya ishe ni. Ya rubuta wa marubucin da furodusan, su ne suke jan labari mako bayan mako saboda sun ga faɗan kishiyoyi yana tara masu kallo.

Ki gaishe mini da Inna, kuma kada ki daina sauke mata fim ɗin.