Ga 'yar uwar da aka ce ta amsa laifi don ta ce "sorry"

'Yar uwa, kin ce tsohuwar da kike kula da ita a gidan kula da tsofaffi a Ingila ta zame a banɗaki, kika ce mata "sorry", yanzu manaja na cewa da bakinki kika amsa laifi. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi da na karanta, don irin wannan ya same ni.

Ni wani dattijo ne ya ƙone da shayi. Ba ni na haɗa shayin ba, ihunsa ne ma ya shigo da ni ɗakin. Na riƙe hannunsa a ƙarƙashin famfo ina ta ce masa "sorry", yadda za ki yi wa mahaifinki sannu. Wadda ta ajiye kofin a bakin tebur tana tsaye a ƙofa tana jina. Washegari sai ga shi a rahoto wai na yi ta ba da haƙuri. Matar nan mun sha cin abinci a kwano ɗaya, ranar da ɗanta ya kwanta rashin lafiya ni na karɓar mata aikin dare. A zaman da aka yi, biro kawai take juyawa tana kallon bango, ko ido ba mu haɗa ba. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Na bar ta da Allah.

Kada kowa ya ruɗe ki, su ma Turawan suna jaje da kalmar. In an yi rasuwa "sorry for your loss" suke cewa, kuma ba su suka kashe mamacin ba. In ba su ji maganarki ba su ce "sorry?", in za su hana ki abu ma da ita suke farawa. Tushenta ɗaya da "sore", wato ciwo. Inda muke samun matsala da su shi ne mu ita kaɗai muke faɗa, su kuwa in suka ji ta babu ƙari sai su ɗauka neman gafara ne. Ni yanzu "are you hurt?" nake cewa.

Kuma doka na bayanki. Sashe na 2 na Compensation Act ta 2006, wadda ke aiki a Ingila da Wales, ya ce ba da haƙuri kaɗai ba amsa sakaci ba ne. Ƙa'idar CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula a Ingila, ita ma cewa ta yi gidan kula ya ba da haƙuri in wani babban abu ya sami mazauni.

Don Allah kada ki sa hannu a takardar da ba ki yarda da ita ba. Yau ɗin nan ki rubuta abin da ya faru, ƙarfe nawa, wa ke wurin, ki ajiye kwafi a gida. In zaman ladabtarwa ne, kina da haƙƙin zuwa da wakilin ƙungiya ko abokiyar aiki. In ba ki cikin ƙungiyar ƙwadago irin UNISON, ki kira Acas, hukumar da ke ba da shawara kan rikicin wurin aiki, shawararsu kyauta ce. Na san fargabar biza ce ke hana ki barci, ni ma ita ta sa na rame. Ki daure ki ci abinci. Kada ki gaya wa Mama tukuna, hankalinta ne kawai zai tashi. Ki yi min magana ta ciki mu duba bayanin naki kafin ki miƙa.