Shafina ya fara korar masu saye

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da turaren wuta a Tawa. Bara ɗan ƙanwata ya yi mini shafin intanet, daga baya ya tafi karatu Yamai. Tun ranar Laraba duk wanda ya buɗe shafin sai ya ci karo da gargaɗi da Faransanci, wai babu tsaro. Har wata mai saye ta kira ni daga Konni tana cewa ɓarayi ne suka shiga. Haka ne?
Hajiya, daga Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, da wuya ɓarayi ne. Abin da na fi zato, takardar shaidar shafin ce ta ƙare.

Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da wata takarda da ke shaida wa wayar mai saye cewa wannan shafin na gaskiya ne, kuma abin da ta rubuta a rufe zai tafi. Takardar tana da wa'adi kamar katin ɗan ƙasa. Yaran da ke gina shafuka sun fi karɓar ta wata ƙungiya mai ba da irin wannan takarda, Let's Encrypt, don kyauta ce, amma kwana 90 take yi. Ƙa'ida ita ce a ɗora wata manhaja, irin su Certbot, ta riƙa sabunta ta da kanta tun ana saura kamar wata guda. In manhajar ta tsaya, shiru za ki ji har ranar da wa'adi ya cika. Da can Let's Encrypt suna aiko da saƙon tunatarwa ta imel, sun daina a 2025.

Akwai wani abin da ke kawo irin wannan gargaɗi. Na taɓa ɓata yini guda a wani ofis a nan Yamai ina ta tonon shafi, ashe ɗan batirin nan mai kama da dala da ke cikin kwamfutar ne ya mutu, kwanan wata ya koma shekaru baya. Amma tunda kin ce kowa ke gani, naki ba wannan ba ne.

Ki kira yaron. Aikin bai kai rabin awa ba, daga Yamai ma zai yi. Kada ki yarda ya sabunta da hannu ya ce an gama, bayan wata uku za ki sake rubuto mini. Ya gano abin da ya tsayar da manhajar.

In kin same shi a waya, tambaye shi da sunan wa aka yi rajistar sunan shafin, da imel ɗin wa, kuma yaushe kuɗin shekara zai ƙare. Wannan ya fi ba ni tsoro, don in wa'adin sunan ya ƙare ba a biya ba, wani na iya sayensa. Ya mayar da shi sunanki, ya ba ki lambobin sirri, ki rubuta a littafin da kike rubuta bashi.